Fitilun adon Sallah: yaya za a bar su a kunne tsakanin wasa da wasa?

Mai Kanti a Zoo Road

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema.

An ɗaura fitilun ado a gaban kanti saboda Sallah, irin waɗanda suke rawa da sauti. Kayan su ne fiksel (ƙananan fitilun da ake iya sauya wa kowanne launi shi kaɗai) 1,200 ƙirar WS2811 masu 12V, an raba su 600-600 a kan allon ESP32 guda biyu da aka sa wa manhajar sarrafa fitilu ta WLED, kowane allo da fawa saflai ɗinsa mai wat 350. Raspberry Pi 4, wata ƙaramar kwamfuta, shi ne yake ba su umarni da manhajar Falcon Player, wato FPP, rawar kuma a manhajar xLights aka tsara ta. Ban da waɗannan akwai igiyoyin fitila na kasuwa guda 20, irin waɗanda ake sokawa a soket kai tsaye, da su aka naɗe ginshiƙai.

Wasan waƙa biyu ne, minti 7 da daƙiƙa 50, ana so ya riƙa tashi duk rabin awa. Da ya ƙare sai gaban kantin ya yi duhu ɗulum na tsawon minti 22, mai wucewa ya ɗauka an rufe ko an ɗauke wuta. An sa Pause bayan waƙa, duhun ne dai. An haɗa wani fayil na fari tas aka liƙa a bayan waƙar, nan take fitilun suka fara ƙyaftawa, ɓangare guda ya mutu ya dawo, ƙarshen igiya kuma ya koma ja-ja.

Abin da ake buƙata: haske daga Magariba zuwa ƙarfe 11 na dare ba yankewa, amma sauti kada ya tashi sai an idar da Isha'i, a sauran kwanakin azumi kuma sai an sauko daga asham, don akwai masallaci kusa. Su kuma igiyoyin kasuwa su mutu lokacin wasa, su dawo idan an gama. Ta ina za a ɓullo wa abin?

Injiniyan Fagge

Wa alaikumus salam, Malam. FPP bai san wani abu wai shi a bar fitila a kunne ba. Ko dai yana kunna sikwens, wato fayil ɗin rawar fitilu, ko yana zaune. Idan jerin kunnawa ya ƙare, baƙi yake turawa duk fiksel ɗin sannan ya yi shiru. Pause kuma ba ya tura sabon launi, kuma idan an yi wa "Blank between sequences" alama a saitin FPP, to da ƙarewar waƙa zai share komai kafin Pause ɗin ya fara ƙirga. Saboda haka hasken da kake so a tsakani, mu kira shi hasken jira, shi ma sikwens ne mai zaman kansa, sai an gina shi kamar yadda aka gina na waƙa.

A xLights buɗe sabon sikwens, zaɓi Animation maimakon Musical, firam ɗin 50ms, wato fitilu su sauya sau 20 a daƙiƙa, ya isa tunda ba gudu za a yi ba. Tsawonsa daƙiƙa 30 ko 60. Ɗora launi mai taushi a kan dukkan fiksel, misali ruwan zinare, ko kore da fari suna musanya a hankali. Abu ɗaya da mutane suke mantawa: firam na ƙarshe ya zama daidai da na farko, kuma kada a sa masa dusashewa a farko ko a ƙarshe. In ba haka ba duk sanda ya zagayo sai a ga fitilun sun yi tsalle, mai zaune a gaban kanti zai riƙa ganin abin duk minti ɗaya har ya ishe shi. Girman fayil ba abin damuwa ba ne: fiksel 1,200 sau launi 3 ya ba da canel 3,600, sau firam 20 a daƙiƙa, sau daƙiƙa 60, wajen megabait 4.3 ke nan tun kafin a matse shi.

Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko, mai sauƙi, jeri guda: waƙa ta ɗaya, waƙa ta biyu, sai hasken jira a matsayin Sequence Only na minti 22 da daƙiƙa 10, jimla minti 30 cif, a bar shi yana maimaita kansa. Tana aiki, amma ba na ba da shawararta a wurinka. Kowane sauyi daga fayil zuwa fayil yana cin ɗan lokaci, kafin dare ya raba wasan ya goce daga kan rabin awa. Sannan ba ta san da sallah ba, in ta fara zagaye sai ta zagayo.

Ta biyu ita ce jeri biyu a jadawalin FPP. A jadawalin nan na sama ya fi na ƙasa iko. Sa jerin wasa a layin farko, daga 8:30 zuwa 10:30 na dare, Repeat ɗinsa minti 30. Sa jerin hasken jira a layi na biyu, daga faɗuwar rana zuwa 11:00, Repeat ɗinsa Immediate. Idan lokacin wasa ya yi, na sama ya karɓe; idan ya gama, na ƙasa ya ci gaba tunda har yanzu yana cikin lokacinsa. Da haka zancen masallaci ya warware kansa, domin hasken jira ba shi da sauti ko kaɗan, wasan kuma kai ne ka ce masa ga sanda zai fara. A kwanakin asham sai ka ƙara layi na daban mai nasa kwanan wata, ka matsar da farawar zuwa bayan an sauko.

Dalilin da na ce sikwens ɗin jira ya zama gajere shi ne Stop Type. Graceful yana nufin FPP ya ƙarasa fayil ɗin da yake kai kafin ya sauka. Fayil na daƙiƙa 30 ba zai jinkirta komai fiye da daƙiƙa 30 ba, amma na minti 20 yana iya cinye wasa guda sukutum. Hard Stop yana yankewa nan take, sai dai ana ganin yankewar.

Game da faɗuwar rana, kada ka rubuta ƙarfe kaza da hannu. FPP yana da SunSet da Dusk a wurin lokacin farawa, amma sai ka ba shi wurin da kake. Kano tana kusan 12.0 arewa, 8.5 gabas, yankin lokaci Africa/Lagos. Rana a nan tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, kusan 7 saura a Yuli, kuma Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, to wanda ya kafe lokaci bana zai sake zama a kai baɗi.

Kafin dare danna Preview a shafin jadawalin ka ga yadda ya jera abin, sannan ka gwada da rana ta hanyar matso da lokutan kusa. Cire alamar "Blank between sequences" don kada a ga ƙyaftawar baƙi tsakanin fayil da fayil. Kuma ka tabbata kwamfutar da aka yi xLights a kanta ba a bar mata Output To Lights a kunne ba. Masu tura umarni biyu a kan allo ɗaya, ɗaya yana cewa zinare ɗaya yana cewa baƙi, ƙyaftawa ce kawai za ta biyo baya, mutum ya yi ta canza waya a banza.

Akwai wata hanya ta effect da ake kunnawa a bayan fage, har da saitin da yake dakatar da ita idan sikwens ya tashi. Ga gaban kanti ɗaya ba ta kai wahalarta ba.

Mai Wayarin Sabon Gari

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ya ɗora komai a wuyan Pi. Ranar da katin Pi ya lalace, ko kebul ɗin rawuta ya zare, duhun nan da Alhaji Mai Kanti yake gudu shi zai dawo, kuma a daren Hawan Daushe lokacin da titi ya cika maƙil babu wanda zai zauna neman laftof.

Tunda allunan WLED ne, su ma suna iya riƙe hasken jira da kansu. WLED idan umarni yana zuwa masa ta E1.31 ko DDP, hanyoyin tura wa fitilu umarni, sai ya bi; idan ya daina zuwa, bayan ɗan lokaci ya koma abin da yake yi da. Lokacin nan yana shafin Sync Interfaces, asalinsa 2500ms, wato daƙiƙa biyu da rabi. Haɗa launin da kake so a kowane allo, ajiye shi a matsayin firiset na 1, je LED Preferences ka sa ya kunna fitilu idan wuta ta zo kuma ya ɗauki firiset na 1 tun daga tashi. Shi ke nan. Ko Pi ya mutu murus, gaban kanti yana da haske.

Ni abin da zan yi shi ne a haɗa biyun: jadawalin Injiniya ya riƙe hasken jira a kullum, firiset ɗin WLED ya zama mai tsaron baya. Wanda ya zaɓi WLED kaɗai ya san zai ga duhu na daƙiƙa biyu da rabi bayan kowane wasa. Za a ce a rage lokacin zuwa 500ms, to amma in ta Wi-Fi ake turawa, duk ɗan cikas da aka samu a tsakiyar waƙa allon zai ɗauka an gama, ya watso firiset a cikin wasa. Daren Sallah kuwa kowa da wayarsa da hotspot ɗinsa a gaban kanti. In da hali a sa ESP32 mai ramin kebul, irin WT32-ETH01, a ja waya a huta.

Tarko biyu a nan. Idan an kunna "Always transmit channel data" a FPP, ba zai taɓa yin shiru ba, baƙi zai yi ta turawa, WLED kuwa ba zai koma firiset ba har abada. Na biyu, launin da ka haɗa a WLED ba zai fito iri ɗaya da na xLights ba ko da lambobin ɗaya ne, saboda WLED yana gyara ƙarfin launi a nasa firiset amma ba ya taɓa abin da aka turo masa daga waje sai an ce ya yi. Da ido za ka daidaita su, da dare, daga tsallaken titi.

Yanzu igiyoyin kasuwa, wanda nan ne ɓangarena. Su 230V suke ci, ba ruwansu da umarni, sai dai a yanke musu wuta a mayar. Dabarar ita ce a bi da su ta ƙafar NC ta rile (makunnin da ƙaramar wuta take ja), ƙafar da take haɗe idan rile yana hutawa. Ma'ana asalinsu a kunne suke, wasan ne yake kashe su. A xLights ƙara canel ɗaya, ka cika shi daga farkon kowace waƙa zuwa ƙarshenta, a FPP ka haɗa canel ɗin da ƙafar GPIO ɗaya ta allon Pi, wadda aka jona wa rile, a shafin Channel Outputs. Waƙa ta tashi, rile ya ja, igiyoyi su mutu. Waƙa ta ƙare, ko Pi ya sume, rile ya saki, su dawo. Yawancin ƙananan allunan rile masu 5V da ake samu a France Road suna ja ne idan ƙafar ta sauka ƙasa, ba idan ta hau ba. In ka ga abin ya juye, akwai wurin juya shi a saitin GPIO ɗin, ba sai an sake wayarin ba.

Kada ka yarda da 10A da aka rubuta a bayan ɗan shuɗin rile ɗin nan. Igiya 20 ba su da nauyi a lissafin wat, amma a daidai lokacin da aka ba su wuta suna fizgar ninkin abin da suke ci, ƙafar NC kuma ta fi ta NO (wadda take buɗe idan rile yana hutawa) rauni. Ana kashewa ana kunnawa sau goma a dare, wata rana ƙafar ta narke ta manne, igiyoyi su ƙi mutuwa. Bari ƙaramin rile ya ja kwayil ɗin kontakta (babban rile) mai 230V mai ƙafar NC, 20A ko 25A, ita ta ɗauki kayan. Layif ake yankewa, jar waya ko ruwan ƙasa, ba nutural ba. Wanda ya yanke nutural fitila za ta mutu amma wuta tana nan kwance a jikin igiyar da yara suke taɓawa a ginshiƙi. Sa RCD, na'urar da take yanke wuta idan ta yi yoyo zuwa ƙasa, mai 30mA a gaban layin gaba ɗaya, kuma kwalin ƙarfe ya samu wayar ƙasa.

Masu son SSR, rilen da ba abin da yake motsi a cikinsa, saboda ba ya ƙara: galibinsu a buɗe suke idan ba umarni, to dabarar NC ta tashi. Sannan suna yoyon 'yar wuta ko a kashe, wadda ta isa ta sa igiyar LED ta riƙa haske dishi-dishi a tsakiyar wasa. Maganinsa a jona ƙwan fitila na da, mai zare, wat 15 ko 25, a kan layif da nutural ɗin da igiyoyin suke ci, ya shanye yoyon.

'Yar Sola

Sannunku da aiki. Malamai biyu sun amsa yadda za a kunna, ba wanda ya taɓa dalilin da farin nan ya sa fitilu ƙyaftawa, kuma in ba a gyara shi ba hasken jira zai fi wasan kansa ɓarna.

Alhaji, lissafin ga shi. Fiksel na WS2811 mai 12V, irin wanda ya fi yawa, yana jan kusan 60mA idan ja da kore da shuɗi duk sun cika, wato fari tas. Fiksel 600 sau 60mA, 36A ke nan. Fawa saflai mai wat 350 a 12V iyakarsa 29A. Ka ɗora masa 36, sai kariyarsa ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa. Abin da ka gani ke nan. A cikin wasa ba ya faruwa saboda fari ba ya daɗewa kuma ba duka fiksel suke ci lokaci guda ba. Wasa yana ɓoye raunin wayarin, hasken da ya tsaya cak na minti 22 shi yake tona shi.

Akwai fiksel masu 12V da suke cin kusan rabin wannan, don haka a auna. Ɗauki igiya ɗaya mai 50, sa ta fari tas, sa kilam mita mai auna DC a jar wayar. In ka ga wajen 3A, masu 60mA ne, in 1.5A, masu 30 ne.

Ga abin da zai tsaya a kunne awanni, ba a wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fawa saflai, wato 23A. A zafin Kano na Maris zuwa Mayu, da rana take kai digiri 40, kwalin da ya wuni a rana yana nan da zafinsa har bayan Magariba, ni 20A zan tsaya. A shafin LED Preferences na WLED akwai mai taƙaita wuta, asalinsa 850mA, mutane sukan kashe shi gaba ɗaya don suna ganin fitila ta dushe. Kada a kashe. A rubuta 20000mA a kowane allo, a saka ainihin abin da fiksel ɗaya yake ci. Daga nan ko wani ya yi kuskuren tura fari tas, allon zai rage hasken da kansa.

Shi hasken jira bai kamata ya je kusa da wannan iyaka ba. Ɗauki ruwan zinare: ja 255, kore 150, shuɗi 40. Jimla 445 cikin 765, kashi 58 cikin 100 na fari. Sauke ƙarfin haske zuwa kashi 30, fiksel ɗaya ya koma wajen 10.5mA, duka 1,200 ɗin 12.6A, wat 150 ke nan. Da dare kashi 30 ya wadatar sosai, har ya fi kyau a hoton waya. Kuma yana barin wa wasan wurin tashi: in hasken jira ya kai na wasa ƙarfi, waƙa za ta fara ba wanda ya ɗaga kai. Fari mai ƙarfi a bakin titi yana kashe wa direbobi da masu adaidaita ido, da damina kuma ƙwari yake tarawa a ƙofar kanti.

Ja-jan da ka gani a ƙarshen igiya faɗuwar bolt ne. Shuɗi da kore sun fi ja buƙatar bolt, su suke fara dushewa. Wayar tagulla mai 1.5mm² tana da kusan 0.012 ohm a mita. Nisan mita 10, zuwa da dawowa mita 20, a 5A ka yi asarar kusan 1.2V. In 0.75mm² ce asarar ta ninka zuwa 2.3V tun kafin a kai fiksel na farko. Kasuwa kuma cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla a baya, wadda ta fi haka asara da kusan rabi. Kankare bakin wayar da wuƙa, in ciki fari ne ka san abin da aka sayar maka. A ƙara ciyar da wuta duk bayan fiksel 100, kowane reshe da fis ɗinsa na 5A ko 7.5A gwargwadon kaurin wayar, a kusa da fawa saflai. Baƙar waya ta fawa saflai biyu a haɗe su, amma jar kada ta haɗu.

In inbata ce za ta riƙe dare, wat 150 na fiksel ya zama wajen 175 a bangon soket saboda asarar fawa saflai. In kowace igiyar kasuwa wat 5 ce, duba takardar jikinta, 20 sun ba da 100. Jimla 275, sau awa huɗu da rabi, kusan 1,240Wh, ban sa amfilifaya ba. Batir ɗaya mai 12V 200Ah a rubuce 2,400Wh ne, amma rabi ake ci in ana so ya yi shekaru, 1,200 ke nan, bai kai ba. Biyu a 24V sun isa har da saura. Kuma don Allah kada wani ya ce tunda fiksel 12V ne a jona su a batir kai tsaye. Batir yana kai 14.4V lokacin caji, fiksel za su yi zafi su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Fawa saflai irin LRS-350 yana da ɗan makunni a gefe, 115 ko 230. A tabbata yana 230 kafin a soka. A nan yana aiki daga 180V zuwa 264V, to unguwar da wuta take yin ƙasa da yamma sai an sa sitabilaiza, in ba haka ba za a ga irin ƙyaftawar nan ko kaya ba su yi nauyi ba. Fankarsa kuma a hure ta kafin a rufe kwali, ƙurar hunturun bara tana nan a ciki.

Mai Kanti a Zoo Road

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. An yi jeri biyu kamar yadda Injiniya ya ce, an sa firiset a WLED, an sauke haske zuwa kashi 30, ƙyaftawa ta tsaya. An auna igiya mai 50 an samu 2.9A, Hajiya 'Yar Sola ta yi gaskiya.

Saura uku. Da aka ɗauke wuta aka koma janareta, Pi ya tashi amma wasa bai zo a lokacinsa ba, sai can wajen 11 saura waƙa ta tashi. Na biyu, sifika tana gurnani a duk minti 22 ɗin nan da ba a kunna komai. Na uku, duk sanda kontakta ta mayar wa igiyoyin kasuwa wuta, ba sa dawowa a tsaye, sai su kama walƙiya iri-iri, sai yaro ya bi su ɗaya-ɗaya yana danna maɓalli.

Injiniyan Fagge

Na farko agogo ne. Pi 4 ba shi da agogo mai batir a jikinsa. Idan ya tashi, intanet yake tambaya ƙarfe nawa. In bai samu ba sai ya ci gaba daga wani tsohon lokaci da ya riƙe, jadawali kuwa da wannan lokacin zai yi aiki. Rawuta takan riga shi mutuwa ta kuma bi shi tashi, ko data ta ƙare ba a sani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinka, don agogon da ya goce yana iya sakin waƙa ana tsakiyar sallah.

Sayi ɗan allon agogo DS3231 da batirinsa. Waya huɗu ce: VCC zuwa fin na 1 mai 3.3V, SDA zuwa fin na 3, SCL zuwa fin na 5, GND zuwa fin na 6. A saitin lokaci na FPP zaɓi DS3231 a wurin RTC, bar Pi ya samu intanet sau ɗaya ya saita shi, sake tayar da shi ba intanet ka duba ko lokacin ya zauna. Sannan raba Pi da rawuta daga layin da ake canjawa tsakanin NEPA da janareta, su zauna a kan inbata ko ƙaramin UPS. Pi 4 yana son 5.1V 3A tsayayye, yankewar wuta yana cikin rubutu kuma ita take lalata kati. Ajiye kati na biyu da aka kwafe komai a kai, a manne shi da salatif a cikin murfin kwalin.

Gurnanin sifika yawanci daga ramin sauti na Pi ne, ko kuma amfilifaya da fawa saflai suna raba ƙasa ɗaya. Ƙaramin katin sauti na USB yana rage shi, in bai tafi ba a sa ɗan taransifoman raba ƙasa a kan wayar sautin, kuma wayar sauti kada ta kwanta a jikin wayoyin fiksel. Amma tunda shiru ake so na gaske, kashe amfilifayar ya fi. Ƙara rile na biyu, wannan karon a ƙafar NO, don in Pi ya rikice sauti ya kasance a kashe. Jerin FPP yana da Lead In, abin da ake kunnawa kafin waƙoƙi, da Lead Out, abin da ake kunnawa bayansu. A Lead In sa sikwens na daƙiƙa 5 wanda yake ja wannan rile yayin da hasken jira yake dusashewa, amfilifaya ta gama tashi kafin waƙa ta shigo. Canel ɗin ya ci gaba a cike cikin waƙoƙin biyu, a Lead Out ya saki. Daƙiƙa biyar ɗin nan na dusashewa suna da wani amfanin, su ne suke sa mutane su juyo kafin sauti ya fara.

Mai Wayarin Sabon Gari

Na ukun ba laifin kontakta ba ne, Alhaji. Ɗan kwalin nan mai maɓalli ɗaya da yake jikin igiyar, mai salo 8, yawancinsu ba sa tuna inda aka bar su. Duk sanda wuta ta yanke ta dawo, salo na farko suke komawa, wanda yake zagaya duka salon. Akwai masu tunawa, ana rubuta memory a kwalinsu. Gwajin a shago ake yinsa: sa ta a tsaye, zare daga soket, ƙirga goma, mayar.

Ga waɗanda aka riga aka saya, kada a yanke kwalin a jona igiyar a 230V kai tsaye. Kwalin ne yake juya wutar zuwa DC, a wasu igiyoyin ma shi yake juya ta gaba da baya don rabin ƙwayayen su kama sannan ɗaya rabin. In an cire shi, ko igiyar ta ƙone ko rabi kawai ya kama. Masu gyaran rediyo suna iya gadar da ƙafafun da ke ciki a wasu samfuran ta tsaya a kunne, amma igiya 20 ne, kuma duk kwalin da aka fasa ya daina hana ruwa shiga.

Mafi araha a cire su daga kontakta gaba ɗaya, a sa su a tsaye sau ɗaya da Magariba ta layin inbata, su kwana a haka har 11. In haskensu yana cin wasan, a rage su zuwa ginshiƙan gefe biyu, na tsakiya a naɗe su da fiksel. Ginshiƙi mai tsayin mita 3 yana cin igiya ɗaya mai 50 in an ba da tazarar santimita 10 ana naɗewa, kuma kowane allo a kashi 30 yana jan wajen 6A ne cikin 20 da aka ba shi, akwai wurin ƙari. Sai dai a tuna a ƙara adadin a WLED da xLights duka biyun, a sake fitar da sikwens ɗin jira da na waƙoƙin, in ba haka ba sababbin za su zauna baƙi.